Injinan da Suka Koyi Kiran Maigida

Kai da kake cewa waya ta hutar da kai zirga-zirga, gyara zama ka ji abin da ya sami wani mai kamfanin matsar man gyaɗa.

Mutumin nan da tsohon inji guda ya fara, a wata rumfar kwano bayan gari, shi da wani makaniki da ake kira Malam Ilu. Tare suke sauke buhuna, tare suke shan hayaƙi. In bel ya tsinke, Ilu ya kwanta ƙarƙashin inji, shi kuma ya tsuguna yana miƙa masa sifana. Allah ya sa wa abin albarka, rumfa ta zama kamfani, injina suka yi layi, ma'aikata suka yi yawa, aka fara ce masa Alhaji. Duk da haka bai bar al'adarsa ba. Kullum da safe sai ya tattare babbar riga ya zagaya wurin aiki da ƙafarsa. Ya ɗebi tunkuza mai ɗumi ya murza a tafin hannu, ya leƙa tankin mai, ya dafa kafaɗar wannan, ya tsokani wancan. Ƙarar injina ba ta barin a ji magana sosai, sai ya kai bakinsa kunnen mutum ya tambaye shi mai jiki, ko yaron da aka sa makaranta. Ya san wanda aka yi wa haihuwa, ya san wanda ɗakinsa ke yoyo. Wurin Ilu yake ƙarasa zagayen, su tsaya suna gardama a kan wanda ya fi wani tsufa. In ya koma gida, ƙamshin gyaɗa ya kama rigarsa har uwargida ta yi ta mita.

Ana nan zamani ya juya. Kamfanonin da ke gasa da shi suka wuce gaba, shi ma ya kira injiniyoyi. Suka manna wa kowane inji wasu 'yan na'urori, ba su fi kwalin ashana ba, masu auna zafinsa da karkarwarsa da yawan man da yake fitarwa, su aika da labari ta intanet har cikin wayar maigida. In komai lafiya, ya ga kore. In boris ɗin wani inji ya fara ɗaukar zafi, tun kafin ya ƙone wayar ta yi ƙara ta nuna ja. Abin kuwa ya yi amfani, ba ƙarya. Injina suka daina mutuwa ana tsakiyar aiki, asara ta ragu, har Ilu da kansa ya ce bayansa ya huta da kwanciya a kan siminti.

Daga nan ƙafar Alhaji ta fara nauyi. Da farko ranar da aka tashi da ruwa kawai yake fashi, ya duba waya daga kan gado. Sai ya buɗe ofis a cikin gari, mai sanyi, babu ƙara babu maiƙo. Sai harkar sabon reshe a wani gari ta ɗauke masa hankali. Yakan tuna Ilu, musamman in ya wuce mai soya gyaɗa a bakin titi, ya ce a ransa gobe zai leƙa. Gobe ta yi, ya duba waya ya ga kore daga sama har ƙasa, ya ce ai kowa lafiya.

Ashe Ilu na kwance a gida, ƙafafu sun kumbura, numfashi na yi masa wuya. Abokan aikinsa suka raba aikinsa a tsakaninsu saboda girmansa da suke gani, inji bai tsaya ko sau ɗaya ba, don haka babu abin da ya nuna ja. Wata rana bayan azahar manaja ya bugo waya ya ce Allah ya yi wa Malam Ilu rasuwa. Da ƙyar Alhaji ya sami sallar gawa.

A wurin zaman makoki ma'aikatansa suka tashi suka ba shi darduma mafi kyau, suka gaishe shi da ladabi irin wanda ake yi wa baƙo. Ya duba fuskokinsu, da yawa bai san sunansu ba. Da mutane suka ragu, ya jawo dattijon da ke kula da sito gefe, ya tambaye shi cikin ɓacin rai me ya sa mutum zai kwanta ciwo haka a rasa mai gaya masa.

Dattijon ya sunkuyar da kai ya ce, "Alhaji, mun so mu kira ka, shi ya hana. Ya ce a ƙyale ka, ranar da ka shigo zagaye ka ga ba ya wurinsa, da kanka za ka tambaya. Tun kafin damina yake kwance. Duk ranar da muka je dubiya, abin da yake fara cewa shi ne, ya shigo kuwa?"

Alhaji bai cire na'urorin ba, don ba su yi masa laifi ba, injina aka sa su gadi kuma sun yi. Ya ɗauki nauyin iyalin mamacin, ya yi musu abin da duk ya kamata. Amma tambaya guda da Ilu ya kwanta yana jira, ita kam ba ta da inda za a kai ta kuma.

Shi ya sa Bahaushe ya ce, zumunta a ƙafa take.