Hayaniyar da Aka Share

Dattijon ya saurari sautin har ƙarshe, sannan ya ɗago kai ya ce, "Ina sauran?"

Mai shagon bai gane ba. Mutum ne mai alfahari da aikinsa, kuma alfahari ba ya barin mutum ya yi tambaya. Ranar da dattijon ya sayi lasifikoki mafi tsada a shagon, ya yi masa gyara: zai juye masa tsohon kaset ɗinsa kyauta. Kaset ɗin ya lalace bayan juyin, amma sautin ya samu. Ya tace shi tas, ya goge kwafin farko mai hayaniya don kada ya ɓata masa suna.

"Baba, ai ga shi nan. Kai ne kake gwada jawabi, garau kamar yau. Ƙarar kwanuka da wata mata mai surutu daga nesa, duk na share. Ko'ina ka je ba za a yi maka irin wannan aikin ba."

Dattijon ya dafa lasifikar.

"Ɗana, muryata kullum ina jin ta, har ta ishe ni. Mai surutun nan matata ce, tana faɗa na bar shayi ya huce. Nan kaɗai muryarta ta rage. Bara muka binne ta. Don in ji ta sosai na sayi kayanka."

Mai shagon ya fara maganar mayar da kuɗi.

"Kashe," in ji dattijon. "Kayanka ba su da laifi."