Buhunan Galmi

Tirela ta huɗu ce ta wuce tun safe, ta bar wa Sodangi hayaƙi da warin albasa a bakin titin Bodinga. Lambar Nijar gare ta, buhunanta masu jan zare, ɗinkin Galmi, garin albasa na can Nijar. Ya tofar da yawu.

Tun da aka sassauta iyaka aka ce kayan gona su riƙa wucewa ba haraji, masana ke ta musu a rediyo. Wani ya ce arziki ne ya zo, wani ya ce talauci ne. Duka su biyun muryarsu ta ƙoshi ce. Sodangi dai abin da ya sani shi ne albasarsa ta garinsu Danchadi ta bar gida tun bayan sallah, har yau ba a sayar ba. Ita ce hatsin gidansa na bana, ita ce irin baɗi.

Albasa ce mai kyau. Inno, mahaifiyarsa, ba ta yarda a zuba ko ɗaya a buhu sai ta bi ta hannunta. Takan zauna a inuwa ta murɗe busasshen lawashin kowace, ta yi masa ƙulli biyu, wai kada raɓa ta shiga ta wuya. Duk garin ana yi mata dariya, babu gidan da ke wannan wahala sai nasu.

Kamar kullum, Alhaji Ladan dillali ya kwashi kayan manoman garin a kan amana. In an sayar a kudu, ya cire la'adarsa ya kawo saura. In kaya sun lalace a hanya, asarar mai gona ce. Haka aka gada, ba wanda ya taɓa tambaya. Ranar lodi motar ta nufi Sakkwato maimakon kudu, Alhaji ya ce ciko za ta yi a can.

Daga nan sai haƙuri. Duk wanda ya je zaurensa, amsa ɗaya ce: 'yan kudu sun ga ta Galmi, in ba sunan Galmi a buhu ko kallo ba sa yi. Yana faɗa yana gyara sabon agogo.

Ranar Juma'a bayan masallaci, manoma suka yanke shawarar tare hanya. Alhaji Ladan kaɗai ya ƙi.

"Don Allah kak ku yi, 'yan'uwa. Doka ta ba su hanya," in ji shi, gumi na bin wuyansa.

"Alhaji, doka ka ba ɗiyanmu tuwo?" Sodangi ya tambaya.

Aka yi dariya. Wani daga baya ya ce mai tumbi dama bai son rana.

Washegari da hantsi suka jera kututture da tsofaffin tayoyi a kwanar da ke kafin Shagari. Ashiru bakanike ya kawo jarkokin baƙin mai. Motocin fasinja suka wuce, ta shanu ta wuce. Sai ga tirela mai lambar Nijar, jan zare har sama.

Direban ya diro yana ɗaga hannu. Hausarsa ba ta ƙetare ba ce, ta nan gida ce.

"Ku tsaya ku ji! Kayan Alhaji na! Ku bari in kira shi!"

"Kowane ɓarawo Alhaji na," Ashiru ya ce, ya ture shi gefe.

Sodangi ne ya fara hawa. Ya soka wuƙa a buhun farko, albasa ta zubo kan kwalta. Sauran suka bi. Suna farkewa suna turowa, na ƙasa suna tattakewa, Ashiru na bi da baƙin mai don kada wani ya tsinta ya sayar. Dattawa masu furfura, waɗanda ba sa yarda ƙwayar gero ta faɗi ƙasa, suna rawa a cikin abinci. Rana ta yi zafi. Ruwan albasa ya gauraye da mai ya gangara kwata, ƙudaje suka sauko, ido na ƙaiƙayi. Mata masu tallar nono suka toshe hanci suka canza hanya.

Kafin azahar ba buhu ɗaya a tsaye.

Can nesa wata farar mota ta tsaya. Alhaji Ladan ya fito, ya dubi titin, ya ɗora hannu a ka, ya koma ciki ya juya. Aka bi shi da ihu, wai matsoraci ya zo kallo.

Sodangi ya sauko yana haki, zuciyarsa wasai karon farko cikin watanni. Ko ba komai, wannan lodin ba zai sha gaban nasa a kasuwa ba. Wani abu ya maƙale masa a takalmi. Ya duƙa ya ciro don ya jefar.

Wuyan albasa ne, baƙi da mai, a murɗe, da ƙulli biyu.