Wayar da Ke Wuyan Hannunsa

"Cire wannan layar kafin ka taɓa kayan makaranta!" na daka wa mai gyara tsawa a gaban malamai.

Ya dubi madaurin da ke wuyan hannunsa, wanda siririyar waya ta haɗa da ƙarfen akwatin na'urar intanet. "Baba Malam, ba laya ba ce."

"Shekara arba'in ina karantar da tauhidi. In na ga shirka ina gane ta."

Bai cire ba. Ya saka sabon allon lantarki a cikin na'urar, ya kunna, fitilarta ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Na ce, "Kun gani? Babu albarka a aikin mai laya." Nan take shugaban makaranta ya sallame shi daga aikin.

Mai gyaran yana tattara kayansa, ya ce cikin ladabi, "Jikin mutum yana tara wuta, musamman in ya taka kafet. Shi ba ya jin ta, amma taɓawa ɗaya tana ƙone allon. Wayar nan ita ke zubar da wutar. Saboda haka ake rufe allon a jaka mai ƙyalli, sai dai na tarar an buɗe ta."

Innalillahi! Ni na buɗe ta da safe. Ina tsaye a kan kafet na ciro allon, na shafe shi da tafin hannuna ina roƙa masa albarka.

Na kasa ɗaga kai. "Ɗana, ajiye kayanka. Akwai mai buƙatar tuba a ɗakin nan, amma ba kai ba ne."