Likkafanin Malam Nomau

Tun da aka hana saƙa da rini, duk yadin da ke garin nan umarni yake jira. Hukumar Tufafi ce ke zaɓar launi, ta aiko da shi ta iska, sai riguna da zannuwa su juye gaba ɗaya a jikin masu su.

Ranar da Malam Nomau ya rasu ta faɗo ranar bikin hukumar. An yi masa wanka, an fito da shi tsakar gida, sai likkafanin ya rikiɗe ya koma ruwan goro mai ƙyalli, kamar ankon biki.

Liman ya sunkuyar da kai. "Iya Tasalla, sai haƙuri. Launin yau ke nan."

Tasalla, matar mamacin, ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta buɗe adaka, ta fito da farin saƙi na auduga zalla, wanda ta ɓoye tun kafin a hana saƙa, domin tata ranar.

Mai unguwa ya rage murya. "Iya, an fa hana wannan. Kama ki za a yi."

"Su zo, ina nan kan tabarmar takaba," in ji ta. "Yana da rai sun ce ja, ya sa ja. Sun ce kore, ya sa kore. Gaban Ubangijinsa kuwa da fari zai je."

Aka sake masa sutura, aka ɗauki makara.

Suna kan hanyar maƙabarta sabon umarni ya sauko. Liman da mai unguwa da duk masu rakiya suka koma shuɗi.

Malam Nomau kaɗai ya ƙi.