Kiret a Ƙarƙashin Tebur

Yau ta ƙi tashi daga ofis da azahar, sai ta ga wanda suke karɓa-karɓar tebur da shi, ita safe, shi yamma. Wata uku kullum tana tarar da kiret ɗin lemo a ƙarƙashin teburin, tana shure shi waje.

Ya shigo, dogo har yana sunkuyawa a ƙofa.

"Malam, nan ofis ne ko shago?" in ji ta.

Ya dubi ƙafafunta suna reto daga kujera.

"Madam, ni ƙafata na kai ƙasa, ba don kaina nake ajiye kiret ɗin ba. Man zafinki nake gani a durowa, kwalba ta huɗu ke nan."

Bayanta na zugi, ta janyo kiret ɗin ta ɗora ƙafa.