Sarƙar Da Ta Kwana A Wuyan Gamja

"Kar ki ja! Yaya Gyeong-ja, kar ki ja igiyar nan!"

Maƙwabcinta Tak ne ke ihu daga ƙasan lungu, amma ina, ba ta ma ji shi ba. Karenta Gamja yana reto a bayan katangar saman benenta, faratansa na kartar siminti, ita kuma ta riƙe igiyar hannu bibbiyu tana ja da iya ƙarfinta. Duk jan da ta yi, sarƙar wuyansa sai ta ƙara shaƙe shi. Barkonon da ta shanya ya watse, tana tattaka shi ba ta sani ba.

Gamja farin kare ne, jinsin da ake kira Jindo, ƙaƙƙarfa, kuma tun rasuwar mijinta shi kaɗai ke tare da ita a gidan. Aibinsa ɗaya, fizga. Unguwarsu a birnin Busan kuwa a jikin dutse take, duk hanyar matattakala ce. Da damina ya hango kyanwa ya zabura ya fizgi Gyeong-ja, ta gangara ta karye a wuyan hannu.

Ɗanta ya kira daga Seoul. "Umma, ki bayar da karen nan kafin ya kashe ki."

"In bayar da shi? Kai da sai bikin kaka ake ganin ƙeyarka? Shi ke jira na a ƙofa kullum. Ajiye wayar nan."

Sai ta sayo sarƙar horo, irin mai zarge: in kare ya ja ta matse, in ya lafa ta saki. Likitar dabbobin unguwa ta tsaya ta nuna mata dalla-dalla.

"Inna, can sama za ki sa ta, bayan kunnuwa. Ki ɗan fizga ki saki, ba ja ake yi ba. Da kun shigo gida ki cire. Kuma don Allah kada ki taɓa ɗaure shi da ita."

Gyeong-ja ta taɓe baki. "'Yar nan, na yaye maza uku kafin a haife ki. Sarƙa ce za ki koya min?"

Sarƙar ta yi aiki. Gamja ya koma tafiya a gefenta kamar soja, har tana cika baki a kasuwa inda take soya wainar kifi. Sai dai hannun bai gama warkewa ba, sawa da cirewa na ba ta wuya. Ta bar ta ta kwana. Ba abin da ya faru. Ta sake kwana, ta zama tamkar fatar wuyansa.

Ranar da abin ya faru ta hau saman bene shanya barkonon haɗa kimchi, tsimin kabejinsu, don kada ya tattake mata sai ta maƙala igiya a zoben sarƙar, ta ɗaure a jikin tankin ruwa. Igiyar ta kai har katanga. Mai babur ɗin kai abinci ya gifta ta ƙasa, Gamja ya yi tsalle.

Kafin Tak ya jawo tsani ya tallabo shi ta ƙasa, ƙafafun sun daina motsi. Suka ruga da shi asibitin dabbobi a nannaɗe cikin bargo. Likitar ta taɓa wuyan, ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Maƙogwaron ya murƙushe, Inna."

Gyeong-ja ba ta yi kuka a nan ba. Ta cire sarƙar da hannun nan mai ciwo. Abin da ta yi wata da watanni tana gudu, ko numfashi biyu bai ɗauke ta ba.

Aka yi ta ba ta baki. Mai sayar da ganye a kasuwa ta ce, "Haba Yaya, kare ne fa, sai ki samo wani."

Gyeong-ja ta ce, "Mijinki ma namiji ne, in ya mutu sai ki samo wani."

Tak ya ce laifin sarƙar ne, a je a yi wa mai shagon tijara. Ta harare shi. "Sarƙar ce ta ɗaure kanta a tanki? Bar mai shago ya ci abincinsa."

Ɗanta ya ce ta tattara ta dawo Seoul. Ta ce ko gawarta ba za ta je ba.

Daga nan ta kafa kujera a tsakiyar matattakalar unguwa. Duk wanda ya zo da kare da sarƙa tana reto a ƙasan wuya, sai ya tsaya ta gyara, ta kuma sa shi ya yi alkawarin cirewa a gida. Wasu su gode, wasu su ce tsohuwar ta taɓu. Ko a jikinta.

Wata safiya motar kwasar kaya ta tsaya a gidan da ke kallon nata. Wani ƙato mai zane a damatsa ya hau saman bene da baƙin kare kamar ɗan maraƙi, ya kama zoben sarƙarsa yana neman inda zai ɗaure.

Gyeong-ja ta miƙe. "Kai! Mai baƙin kare!"

Ya leƙo a yatsine. "Da ni kike, tsohuwa?"

"A'a, da kakanka. Tsaya nan ina zuwa."

Ta kama matattakala ta fara hawa.

Jama'a, sarƙar horo ta lokacin tafiya ce kaɗai, igiya na hannunku, idonku na kan dabbar. Ku koyi sa ta wurin wanda ya sani, ku cire ta da kun shiga gida, kada kuma ku taɓa ɗaure kare da ita.