Abin da Buzun Ya Faɗa

Buzun ya yi magana mai tsawo, har da nuni da hannu wajen kudu, amma da tafinta ya juya ga kumandan sai ya ce da Faransanci, "Ya ce bai san kowa ba."

Ɗayyabu ya ɗaga kai daga rubutun da yake yi. Ba ya jin Buzanci, amma ya san maganar da ta kai tsawon haka ba ta shiga cikin kalmomi huɗu.

Ɗan lakwal ne, wato makarantar boko, ɗan maƙerin Babankatami, wanda aka turo tiribinal ɗin Madawa a hutun damina domin ya ga yadda ake shari'a, ya kuma taya rubutu. Lokacin yaƙin Turawa ya yi zafi, ana kamun samari zuwa aikin tilas, su kuwa suna sulalewa ƙasar Ingilishi. Wani ne ke ƙetarar da su, kuma kumandan ya rantse sai ya san ko wane ne. An kama wannan Buzu da raƙumansa kusa da iyaka, aka ce ko ya faɗi sunan mutumin, ko ya ruɓe a kaso.

Tafintan, Maiguwa, dattijo ne mai ƙaramar murya, ya daɗe a biro, wato ofishin kumandan, har ya ga kumandoji sun zo sun tafi. Ranar da Ɗayyabu ya iso, ya tare shi da fara'a, ya tambaye shi garinsu da gidansu. Da ya ji amsa, fara'ar ta ɗauke kamar ruwan bazara. Tun daga nan, duk ranar da za a fito da Buzun sai ya nemo masa aike: je ka kasuwa ka sayo tawada, je ka kira gardi mai tsaron kaso, je ka duba ko doki ya sha ruwa. Kumandan ne ya gaji, ya ce yaron ya zauna, rubutu ya zo koyo.

Buzun kuwa, in dai an shigo da shi, idonsa na kan Ɗayyabu. Ya dube shi, ya dubi Maiguwa, ya sake yin magana da ƙarfi. Ɗayyabu ya ɗauki wannan kallo a matsayin roƙo. Mutumin ya rame, igiya ta ci wuyan hannunsa, kuma kullum amsa ɗaya ake kai wa kumandan a madadinsa.

Wata Juma'a bayan masallaci, Ɗayyabu ya hangi gwaggonsa Jaratu tana fitowa daga gidan Maiguwa, ƙwarya a hannunta babu komai ciki. Ya kira ta. Ta ja mayafi ta shige lungu kamar ba ta ji ba. Me ya kawo ta Madawa ba ta nemi ɗan ɗan'uwanta ba? Ya tuna samarin garinsu nawa suka ɓace a bana. Ashe har matan ƙauye sun san ƙofar da ake bi a toshe bakin shari'a.

Washegari ya tari dattijon a inuwar biro.

"Baba, mi Buzun ga ka faɗi ne? Na ga maganarsa ta fi taka yawa."

Maiguwa ya daɗe yana dubansa, kamar mai auna ko ƙasa za ta ɗauki ƙafa. Ya dubi tagar kumandan, ya dubi farar rigar lakwal da ke jikin yaron.

"Ɗana, an aiko ka ka yi rubutu. Rubuta abin da anka ce maka. Hutu na ƙarewa ka koma lakwal lafiya."

Wannan amsa ta ƙarasa tabbatar masa. A lakwal an koya musu cewa tafinta mai cin amana ya fi ɓarawo sharri, domin shi bakin talaka yake sacewa. Ga mutum na shan wuya a kaso, ga mai laifi na yawo, ga dattijo na karɓar ƙwarya. Ya kwana biyu yana juya abin a ransa, yana jin tsoro, yana kuma jin wani daɗi na cewa shi kaɗai ya gano.

Ranar Litinin, da Maiguwa ya sake cewa "bai san kowa ba", Ɗayyabu ya ajiye alƙalami ya miƙe. Cikin Faransancinsa mai kyau ya ce yana ganin ba a isar da maganar fursuna yadda take, ya roƙi a nemo wani mai jin Buzanci.

Maiguwa bai musa ba. Ya sunkuyar da kai kawai, leɓunansa na motsi.

Kumandan ya sa aka kira Alhusaini, wani gardi Buzu da aka kawo kwanan nan, bai san kowa a garin ba. Kumandan ya yaba wa Ɗayyabu a gaban jama'a, ya ce ya zauna ya rubuta kowace kalma.

Buzun ya yi ajiyar zuciya, ya maimaita maganarsa. Ɗayyabu ya tsoma alƙalami a tawada yana jira.

Alhusaini ya ƙame ya ce, "Ya ce tun ranar farko yake faɗi: mai ƙetarar da samarin maƙerin Babankatami ne, kuma in ana shakka a tambayi ɗansa, ga shi nan zaune yana rubutu."